Saura Ƙiris

A garin Peterborough da ke lardin Ontario na Kanada, mutumin da ba shi da kwalekwale abin tausayi ne. Da zarar ƙanƙara ta narke ruwa ya saki, sai ka ga motoci suna wucewa kowace da jirgi a kife a kanta, an tamke shi da igiya gaba da baya, sun nufi tafkunan arewa. Abin gado ne. A nan aka kafa kamfanin ƙera kwalekwale na Peterborough a 1892, ya yi ta aika jirage ƙasa-ƙasa har ya rufe a 1961. A nan kuma gidan tarihin kwalekwale na ƙasar yake, wanda aka buɗe a 1997, ya koma sabon gini a bakin tafkin Little Lake a 2024 da jirage sama da 600 a cikinsa. Garin da ya gina wa kwalekwale gidan bene, ka san ba da wasa ya riƙe shi ba.

Ni kuwa Bakano ne na cikin badala. Duk ruwan da na sani ina yaro bai wuce kududdufin unguwa ba, shi ma Inna ta kafa mana doka a kansa. Zuriyarmu kaf ba mu haɗa komai da Sarkawa ba, 'yan koli ne da malamai. Sai dai zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Maƙwabcina wani tsohon Bature ne da ya yi ritaya daga koyar da aikin kafinta a sakandare, a gidanmu Dattijo muke ce masa. Garejinsa ya manta kamannin mota, jirage ne rataye a rufi. Na yawaita leƙe har ya gaji ya miƙo mini wani littafi da ya sha hannu, Canoecraft, wanda Ted Moores da Merilyn Mohr suka fitar a 1983, ya ce in karanta tukuna. Na karanta har inda hotunan suka daina burge ni, na mayar masa na ce na gane.

Aikin ba sihiri ba ne. A kafa dogon benci miƙaƙƙe, a jera masa allunan da aka yanka daidai da siffar cikin jirgi, sannan a bi su da zara-zaran katakon jan sida, kowanne kaurinsa rubu'in inci, faɗinsa rubu'i uku, gefe ɗaya a kumbure ɗaya a kwarfe don su shige juna. A shafa gam, a ɗana, a buga sitefula. In jiki ya haɗu a zare ƙarafan, a goge, a lulluɓe shi ciki da waje da yadin zaren gilashi, a jiƙe yadin da ifoksi. Nan take yadin zai ɓace ɓat ya bar katako yana sheƙi. Samfurin da muka ɗauka shi ne Prospector mai ƙafa 16, wanda asalinsa na kamfanin Chestnut ne na garin Fredericton, jirgin da aka yi don masu shiga daji da kaya niƙi-niƙi. Ni dajin da na nufa bai wuce tafkin bayan gari ba, amma sunan ya yi mini daɗi.

Haka muka ci lokacin sanyi a garejina, ni da aiki, Dattijo da hannu a aljihu yana gyaran murya duk sanda na nufi ɓarna. Ranar da muka ɗaga jikin jirgin daga kan allunan muka birkice shi, na kira Yayana a Kano ta bidiyo na zagaya da shi gaba da baya. Ya yi shiru, can ya ce, "Ma sha Allah. To, wa zai shiga?" Na ce ni. Ya ce, "Inna ta sani?"

Cikin watan Maris Dattijo ya shirya tafiya wurin 'yarsa a Vancouver. Mun riga mun manna wa jirgin leɓen ciki, dogon katakon nan da ke bin bakinsa hagu da dama. Ya tsaya a ƙofar gareji yana ta jero mini gargaɗi, ina ta gyaɗa kai ina lissafin ranar da zan fara tuƙi. Na ce masa ya tafi hankali kwance, saura ƙiris.

Ƙiris ɗin shi ne murfi biyu da bango biyu. Murfin wani ɗan katako ne mai kusurwa uku da ake sa wa jirgi a goshi da ƙeya, inda leɓɓan biyu suka tsuke suka haɗu. Shi ke ɗaure su wuri ɗaya, nan kuma ake kamawa in za a ja jirgi gaɓa. Bangon kuwa ana tsayar da shi ne a ƙarƙashin murfin, ya datse ƙarshen jirgi ya mayar da shi ɗan ɗaki rufaffe da ba komai a ciki sai iska. Kowace lita ta iska tana riƙe nauyin kilo guda a kan ruwa, saboda haka in jirgi ya kife ɗakunan nan biyu su ke tallafe shi. Dabarar datse ƙarshen ma tsohuwa ce. A gidan tarihi na ga jiragen ɓawon itace irin na mutanen Anishinaabe, masu ƙasar tun kafin zuwan Turawa, waɗanda ake ɗinkewa da saiwa a liƙe da ƙaro, da ɗan allo a tsaye a kowane ƙarshe, an cusa masa sassaƙen sida a baya don ƙarshen ya riƙe siffarsa.

Dattijo ya gaya mini jirgin sida ko ya cika da ruwa taf ba ya nutsewa ƙasa, kuma maƙera da yawa ba sa wahalar da kansu da bango. Na ce su sun iya ruwa. Ni da son samu ne, da ɗakunan iska zan jera tun daga goshi har ƙeya, in zauna a kan rufi.

Da murfi na fara, don shi ido ke fara gani. Na sayo katakon ceri mai tsada, na tsaga shi biyu na buɗe don zanen jijiyarsa ya fuskanci juna, na ratsa tsakiya da farin sili na itacen maful. Uwargida da kanta ta ce ya yi kyau, ita da tun farkon sanyi take goge ƙanƙara a gilashin mota kullum safe saboda jirgi ya kori mota daga gareji. Na ɗauko rula na auna faɗi, na auna tsawo, na ja layi biyu miƙaƙƙu, na sa zarto.

A goshin kwalekwale babu miƙaƙƙen layi ko ɗaya. Gefen yana lanƙwasowa ciki, yana kuma kishingiɗa waje, bakin kuma yana ɗagawa sama, duk a lokaci guda. Da na ɗora murfin sai ya taɓa a wuri biyu kacal, sauran kuwa ɓera zai wuce da kayansa. Na sa magagari na rage hagu, sai dama ta buɗe. Na rage dama, hagu ta ce ba ta yarda ba. Kowace ragewa kuma murfin sai ya zame gaba ya ƙara gajarta, farin silin da ya kamata ya nuna tsakiyar jirgi ya koma yana nuna injin wanki. Murfin da na fara da shi ya kai kamu guda. Wanda na ƙare da shi, 'yar autata ta roƙa na ba ta, tana tokare ƙofar ɗakinta da shi har yau.

Sai da na koma shagon katako, mai shagon ya tarbe ni da fara'ar da ake yi wa wanda aka san zai dawo, sannan na tuna ɗaya daga cikin gargaɗin Dattijo: kwali tukuna. A ɗora kwali a kan goshin, a zura fensir ta ƙasa a bi leɓen, a yanka kwalin, a gwada, a ɓata shi a jefar ba asara. In ya zauna sannan a kwafe a katako, a yanka da ɗan rara, a riƙa fere gefen a karkace kaɗan-kaɗan har ya bi kishingiɗar jirgin. Kwalin da aka kawo mana firji a cikinsa ya ƙare tas a kan wannan karatu. Amma murfi biyu sun zauna, na ajiye su gefe na juya kan bango.

Bangon da ragowar zara-zaran sida na yi shi, na manna su a kwance a kan tebur, na lulluɓe gaba da baya da yadin gilashi. Yanzu na zama gwanin kwali, na kwanta rub da ciki a cikin jirgi, kaina a cushe a goshi, ina liƙa ƙananan gutsattsari a jikin babban kwali har kowanne ya taɓa gefe. Ƙurar jan sida ba ta da mutunci, an san ta da tayar wa masassaƙa asma, ga ni a lungu ina atishawa a cikin takunkumi, tabarau ya yi hazo. Da na samu siffa ɗaya mai kyau sai wayo ya zo mini. Prospector ai gabansa da bayansa iri ɗaya ne, to me zai sa in kwanta sau biyu? Na kwafi kwali ɗaya na yanka bango biyu.

A takarda iri ɗaya ne. Jirgin da hannuna ya taɓa kuwa, goshinsa da ƙeyarsa ko a ɗaurin aure ba su taɓa haɗuwa ba. Na goshi ya shige, na ƙeya ya tsaya a hanya. Ina cikin fere shi sai na lura ban sa katakon tsakiya ba, wanda ke tokare gefe da gefe, wanda kuma ake ɗorawa a kafaɗa in za a ɗauki jirgi. Jikin jirgi in an cire shi daga allunan sakin jiki yake yi, sai an tokare shi yake komawa faɗinsa na gaskiya. Na ɗaura katakon, gefuna suka motsa, bangon goshi da ya zauna daram jiya ya fara rawa a wurinsa. Wannan ma yana cikin abin da na gyaɗa wa kai a ƙofar gareji.

Giɓin da ya rage ifoksi ke cikewa, shi kuwa ifoksi yana da hali. Ruwa biyu ne ake haɗawa, nawa kashi biyar na gam ne da kashi ɗaya na mai daskarar da shi, ba ƙari ba ragi. In gareji ya yi sanyi ya ƙi kamawa, sai an kunna hita. In ka haɗa da yawa ka bar shi a kofi, da kansa yake ɗaukar zafi, ya yi hayaƙi, ya narkar da kofin roba a hannunka. Don cike kusurwar da bango ya haɗu da jiki, ana zuba masa garin katako ya yi kauri. Na kira Dattijo na tambaye shi kauri kamar yaya. Ya ce kamar man gyaɗar da ake shafa wa burodi. Na ce ya kwantar da hankalinsa, da ɗan garin dalar gyaɗa yake magana. Na yi ta zuba gari ina tuƙawa har na samu abin da duk mai ƙuli-ƙuli za ta shaida tunkuza ce. Na danna a kusurwa, ta marmashe ta zubo. Don ta saki na ƙara mata ruwan gam tsagwaronsa, ban ƙara ɗaya ruwan ba. Wannan haɗin bai daskare ba, kuma da alama ba shi da niyya. Sai kankare shi na yi, na wanke hannu da ruwan kal, gareji ya ɗauki tsami.

Kusurwar nan ana so ta fito a lanƙwashe sumul, kuma ba abin da ke fitar da ita kamar bayan cokali. Uwargida tana da wasu cokula goma sha biyu da mahaifiyarta ta sa mata a kayan ɗaki, sun biyo mu tun daga Kano, ba a fito da su sai an yi baƙi. Girmansu kuwa kamar don jirgina aka ƙera su. Na ari ɗaya ba da sanin mai shi ba, da niyyar in goge in mayar. Ya yi aiki, Allah ya sani. Na shafe cikin ɗakin ƙeya da ifoksi don kada danshi ya ci katako, na bari ya bushe, na manna murfi, ƙeya ta rufu ruf.

Akwai wata tagar roba zagayayya mai murfin murɗawa da ake sa wa irin wannan bango, don a riƙa buɗewa ɗakin ya sha iska, a kuma ga ko ruwa ya shiga. Dattijo ya nanata ta. Ni kuwa na dubi bangona, jan sida ratsi-ratsi, na ce ba wanda zai manna masa farar roba ina raye.

Goshi na bari ƙarshe, na yi shi bayan sallar isha'i. Lungun duhu ne, sai na kunna fitilar wayata na jingina ta a ciki don in ga inda burushi bai kai ba. Ina cikin shafa na ji kofin yana ɗumi a hannuna. Wanda ya taɓa ganin hayaƙin ifoksi ya san wannan ɗumin ba na jira ba ne. Na yi maza na zizara gam a leɓe da kan bango, na kifa murfi, ƙarfen matsi ya ƙi kama wuri mai tsukewa yana ta zamewa, na ruga kicin na ɗauko buhun shinkafa na danne. Na ja da baya na duba. Farin sili ya nuna tsakiyar jirgi cif. Na yi hamdala na kashe wuta.

Wayar na neme ta a falo, na neme ta a mota, na sa Uwargida ta kira, ba ta yi ƙara ba don na kashe mata murya tun a wurin aiki. Na tsare yara da tambaya, na yi musu wa'azi a kan taɓa kayan manya, na kwanta ina huci.

Ɗakinmu a saman gareji yake. Da asuba na ji ana girgiza ni.

"Malam, tashi. Wa ke kiran salla a gareji?"

Na kasa kunne. Kiran salla ne sosai, murya mai daɗi, sai dai a daƙushe, daga ƙarƙashinmu. Masallacin garin nan kuwa ba ya sa lasifika a waje. Na sauka da sanɗa, ban san sanda na ɗauki filafili na riƙe shi riƙon gora ba, ko wa na yi niyyar duka, oho. Na tura ƙofa. Gareji duhu ƙirin, sai goshin jirgin kaɗai. Duk ramukan da ƙarafan sitefula suka bari, waɗanda ifoksi ya cike, haske na fitowa ta cikinsu bibbiyu-bibbiyu a jere, buhun shinkafa na zaune a sama, kiran kuma na fitowa daga ciki yana amsa kuwwa a cikin sida. Manhajar salla ba ruwanta da an kashe murya.

Uwargida ta leƙo ta kafaɗata ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ikon Allah. Ni dai na san jirgi ka ce za ka ƙera, ban san har da ladan ba."

Na taɓa bakin murfin, gam ya kama gam-gam. A duk aikin nan shi ne haɗi na farko da na yi daidai. Yara suka sauko ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ce uffan a kan wa'azin daren jiya, sai babban da ya tambaya cikin ladabi, "Abba, a taya ka nema a mota?" Jirgi ya sake kira da azahar. Da la'asar shiru, batir ya mutu.

Na zauna ba waya har Dattijo ya dawo. Ya saurari labarin daga farko har ƙarshe bai katse ni ba, kafaɗunsa ne kawai ke motsi. Ya shiga gidansa ya fito da zarto mai yanka zagaye da tagar roba mai faɗin inci 4, sabuwa fil a ledarta. Ya ce tun kafin ya tafi ya saya, biyu ma ya saya. Ya miƙo mini injin ya ce bangona ne, ni zan huda. Na huda ina kawar da kai. Hannuna ya shiga amma ya ƙi juyawa, sai 'yar auta aka kira. Ta laluba ta ce, "Abba, ta manne." Wayar ta zame ta kwanta a kan ɗanyen ifoksi. Da ƙyar yarinyar ta zaro ta daga rigarta. Rigar tana nan a ciki, baƙa, ta zama ɓangaren jirgi, duk wanda ya buɗe tagar zai gan ta.

Dattijo ya nuna ƙeya da taga ta biyu a hannunsa. Na ce a'a, a bar mini bango ɗaya da mutuncinsa. Bai yi musu ba, amma ya ce ko ƙaramin rami sai an yi. Iskar da na kulle a gareji mai sanyi, in rana ta gasa jirgi a kan mota a watan Yuli, matsinta zai ƙaru da wajen kashi ɗaya cikin goma, ta nemi hanyar fita ta inda gam ya fi rauni. Ya huda ɗan rami can sama a ƙarƙashin murfi inda ido ba ya kai wa. Wannan na yarda.

A watan Yuni muka kai shi Little Lake, ya sha banish yana ɗaukar ido. Irinsa kan tsaya tsakanin kilo 25 da 30, nawa kuwa da na saɓa shi a kafaɗa sai da na ji duk ifoksin da na ɗura wa goshi da ƙeya a ƙashin wuyana. Mun cika sharuɗɗan hukuma: rigar ceto ga kowa, igiya mai yawo a kan ruwa mita 15, usur, da abin kwarfe ruwa. Ni har usur biyu na rataya. Uwargida ta yi bisimilla ta zauna a gaba, na zauna a baya, Dattijo ya tura mu. Jirgi ya tafi sumul, ko ɗigo bai shigo ba. Na fara tsara yadda zan ba Yaya labari.

Wani jirgi mai inji ya wuce can nesa, igiyar ruwansa ta iso ta ɗaga mu ta sauke. A bayana, cikin ɗakin ƙeya, wani abu ya gangara ya bugi bango, ƙwal. Muka sake ɗagawa, ya koma, ƙwal.

Uwargida ta tsayar da filafilinta.

"Malam, mene ne wannan?"

"Katako ne, Hajiya. Sabon jirgi haka yake yi."

Ƙwal.

Ba ta waiwayo ba. Ta ce, "Katako ba ya wannan ƙarar. Tun ƙaramar salla nake ƙirga sha ɗaya. Da mun sauka ka je wurin Dattijo ka karɓo ɗaya tagar."